Sau Arba'in da Uku Aka Kashe Ta

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Safiya ta ce in daina kawo mata masifar shago gida, in nemi littafi in riƙa zubawa a ciki. To ga shi.

Yau ma sau uku kafin azahar. Ina tsaka da zana aikin wuya, sai maus ya ƙame a tsakiyar sikirin, ba gaba ba baya. 'Yar jar fitilar da ke gaban akwatin kwamfutar ta kama ta ƙi kiftawa, cikinta kuma sai ƙurr-ƙurr kamar ɓera ya samu kwali. Na danne maɓalli har ta mutu, na sake kunna ta. Minti goma sha biyar, ta kuma.

Shekara goma sha biyu ina zaune gaban kwamfutar nan a shagon Baffa Ilu, ƙanin mahaifina, nan Gwammaja. Ni nake zana aiki, in zuba a filash, in miƙa wa Isiyaku ya sa wa keken monogiram mai kai shida. Duk zanen da na taɓa yi yana cikinta. Kuma sai yanzu ta ga damar yin wannan iskanci, da Alhaji Gwadabe ya kawo ankon abokan ɗansa Bashir. Kaftani arba'in, da na ango daban. Ɗaurin aure biyar ga wata mai kamawa.

Tir.

Talata, 17 ga Yuni

Na gano. Na dawo daga sallar la'asar na tarar da wayar Isiyaku a jone a jikin kwamfutata. Wata tsohuwar aba, fuska a fashe, an ɗaure bayanta da kyauro, duk maiƙon ƙosai. Irin wadda ake kai wa masu caji su tura mata wa'azi da tarkace. Allah kaɗai ya san ƙazantar da ke ciki.

Na fizge na ajiye masa a kan teburin guga. Wai, "Malam Ɗalha, caji ne kawai, soket ɗin wajena ya ƙone."

Na ce tun yaushe kake yin haka? Ya ce bai fi sati ba. Sati! Ita ma matsalar satinta ɗaya ke nan.

Mutum ya haura hamsin, shekara goma sha ɗaya yana shagon nan, amma har yanzu bai bambance kwamfuta da teburin mai caji ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Sau huɗu. Ko tuwo ban iya ci ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Baffa ya kira wani mai gyara, Muttaka. Ya zo da jaka a rataye da turare mai hawa kai. Ko zama bai gama yi ba ya ce bairos ne. Na ce ai na sani. Ya ce a yi fomatin, a share komai a fara sabo. Na ce ka share aikin shekara goma sha biyu? Ya ɗaga kafaɗa kamar na ce masa kuɗin mota ya ƙaru.

Ya dai zuba mata anti-bairos har iri biyu, ya sha lemon Baffa, ya goge hannu a labulen shago, ya tafi. Bai kai bakin titi ba ta sanƙare. Yanzu ma ta fi da nauyi. Na kira shi, wai, "Ka bar ta ta saba."

Ta saba. Kamar amarya.

Asabar, 21 ga Yuni

Ban so rubuta na yau ba.

Da safe na gama gyara zanen rigar ango. Ina cikin tura shi filash ta ƙame. Na kashe, na kunna, na duba filash ɗin na ga sunan zanen yana nan. Na miƙa wa Isiyaku. Ya sa a keke, ya ɗan tsaya yana duba lambobin da keken ya nuna, ya ce, "Malam Ɗalha, yawan ɗinkin nan bai kai na gwajin jiya ba. Ko mu fara a kan ƙyalle?"

Na ce masa ba mu da lokacin ƙyalle, ya yi aikin da aka sa shi.

Farar shadda ce, wadda Alhaji Gwadabe ya ce shi da kansa ya zaɓo wa ɗansa. Keken ya yi rabin wuya lafiya lau. Sai kawai allura ta bar hanya ta yanko ƙirjin rigar a karkace, ta tsaya wuri ɗaya tana ta saka har ta huda. Kafin Isiyaku ya kai hannu an gama.

Baffa na waje da mutanen layi, Ibrahim mai shagon zare da su wane da wane. Duk suka shigo. Baffa ya ɗaga rigar, haske na fitowa ta ramin. Ya ce waye?

Na ce bairos ne ya cinye zanen, kuma kowa ya san inda bairos ɗin ya fito. Na faɗi maganar waya.

Baffa bai iya fushi kaɗan ba. A gaban kowa ya ce wa Isiyaku ya tattara nasa ya nasa. Wai ya gaji da asarar ƙauyanci. Isiyaku ya dube ni. Na ɗauka zai kawo maganar ƙyalle. Bai kawo ba. Ya ɗauki almakashinsa da dardumarsa da kofin silbarsa, ya ce, "Allah ya bar zumunci, Alhaji," ya fita.

Ai ba ni na ce a kore shi ba. Abin da na gani na faɗa.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na ba Safiya labari. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "'Ya'yansa nawa ma?" Na ce ina ruwan 'ya'yansa da maganar. Ta ce ita tambaya kawai ta yi.

Shida ne.

Litinin, 23 ga Yuni

Sau biyar yau. Mutumin ya tafi ya bar mana cutarsa.

Baffa ya samo wani Jibrin ya riƙe keke. Ƙato, da surutu, wai ya yi aiki a manyan shaguna. Zare ya tsinke masa sau goma sha ɗaya a wuya ɗaya, kowane tsinkewa sai ya zagi zaren. Yana cin rake a shago yana tofar da ɓawon a bayan keke. Ƙudaje har kan sikirin ɗina.

An je an sayo wata shaddar ta ango. Baffa bai yi mini magana ba duk yinin, sai dai ya leƙo ya ce, "Saura kwana nawa?" Ya san amsar.

Talata, 24 ga Yuni

Safiya ta ce in kira Ikram, 'yar Yaya Talatu, tunda aikinta ke nan a ofishinsu, kula da kwamfutoci. Ikram da na goya a kafaɗa zuwa kallon sallah. Ita za ta zo ta koya mini kwamfutar da nake kai tun tana firamare.

Na ce a'a. Da la'asar ta ƙame ina tsaka da zanen hannun riga, aikin awa biyu ya tafi. Na kira ta.

Laraba, 25 ga Yuni

Ta zo bayan ta tashi daga aiki, wajen ƙarfe huɗu da rabi. Ta gaida Baffa har ƙasa, ta gaishe ni, ta ja kujerata ta zauna. Ba ta taɓa komai ba. Ta ce, "Kawu, bari in ga yadda take yi tukuna."

Ba a jima ba ta yi halin nata. Fitila ja, ƙurr-ƙurr. Na miƙa hannu wajen maɓalli, sai ji na yi ta ce, "Kawu, tsaya!" da ƙarfi har Jibrin ya waigo.

Na ce in ba a kashe ta ba haka za ta kwana. Ta ce ka taɓa gwadawa? Na janye hannuna.

Muka zauna muna kallon sikirin kamar marasa aikin yi. Ina duba agogo don in nuna mata. Minti tara. A minti na tara maus ya motsa da kansa.

Ta buɗe wani shafi mai nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta. Faifan ajiya na kan ɗari bisa ɗari, sauran duk suna hutawa. Ta nuna mini sunan abin da ya riƙe shi. Ta ce ba bairos ba ne, ita kwamfutar ce da kanta take binciken faifanta a ɓoye, a bayan aikin da kake yi. Wai duk ranar da ta mutu ba a rufe ta yadda ya kamata ba, sai ta sa wa faifan alama cewa akwai abin dubawa. In an kunna ta, sai ta bari a ɗan fara aiki, sannan ta shiga bin fayil ɗaya bayan ɗaya. Faifan namu kuma ya tsufa, akwai wuraren da suka raunana, in ta zo kansu sai ta yi ta maimaita karatu, komai ya tsaya yana jiranta.

"In aka kashe ta a tsakiya, alamar ba ta goguwa. Gobe ta faro daga farko. Kuma kowane kashewa yana ƙara ɓata wani abu."

Sai ta buɗe rajistar da kwamfutar ke rubuta duk abin da ya same ta. Ban ma san akwai irin wannan munafurcin a cikinta ba. Rana, awa, minti. Mutuwarta ta farko ranar Talata goma ga wata, ƙarfe sha ɗaya da minti shida na safe. Na tuna. Ranar da muka buɗe bayan babbar sallah, aka ɗauke wuta ina tsaka da ajiye aiki. Batirin da ke riƙe ta in wuta ta tafi ya mutu tun cikin azumi. Baffa ya ce in canza, na ce sai bayan sallah.

Daga nan ta yi ta gangarawa tana ƙirgawa a hankali. Arba'in da uku. Ɗaya na wuta. Sauran da hannu.

Na ce to wayar da aka riƙa jonawa fa? Ta ce ta duba, ba ta ga alamar komai ba, su ma abubuwan da Muttaka ya zuba ba su kama komai ba, sai nauyi da suka ƙara. Ta cire su duka biyun.

Ta ce, "Wa ke zama a kanta, Kawu?"

Na ce yamma ta yi, ta tashi kar mamanta ta neme ta.

Yarinyar nan ta iya kallon mutum kamar uwarta.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ta nemi izini a wurin aiki ta zo da hantsi. Ta ce kafin a yi komai sai an kwashe zanen, don faifan zai iya cikawa a kowane lokaci. Ta tayar da kwamfutar daga wani filash nata, yadda binciken ba zai taso ba, ta jona wani faifan na waje, aka fara kwafa.

Kamar ana ɗebe rijiya da cokali. Sai ya yi gudu, sai ya tsaya, sai ƙurr. Ni dai ina tsaye. Fayil dubu uku da wani abu. Da la'asar aka gama. Goma sha tara sun ƙi karantuwa. Ta karanto mini sunayensu. Yawanci na kwanan nan ne, waɗanda nake buɗe da su lokacin da nake kashewa.

Har da zanen ankon. Duka, wuya da hannu da aljihu.

Jibrin ya ce, "Kai, wannan mutumin da aka kora ya cuce ku." Na ce ya rufe mini baki ya share ɓawon rakensa. Ban san me ya sa na yi masa tsawa haka ba. Ƙazami ne dai.

Juma'a, 27 ga Yuni

Yau aka sa ta yi binciken gaba ɗaya, tun kafin ta gama tashi, ba a ɓoye ba. Baƙin sikirin da farin rubutu da lamba. Ikram ta sa aka tayar da janareta aka cika shi da mai, ta yanki takarda ta rubuta KADA A TAƁA, ta liƙe a kan maɓallin da salatif, ta wuce ofis. A shagon da ba mai taɓa kwamfutar sai mutum ɗaya.

Ƙarfe tara aka fara. Zuwa goma ta kai kashi sha ɗaya. Ƙarfe sha ɗaya na safe, kashi sha ɗaya. Ƙarfe sha biyu, kashi sha ɗaya. Wallahi sau biyu na tashi na tsaya a kanta. Na kira Ikram na ce ta mutu. Ta ce fitilar na kiftawa? Na ce tana yi. Ta ce to aiki take, Kawu, ka tafi masallaci.

Na tafi. Ban fahimci ko kalma ɗaya a huɗuba ba. Na dawo, sha ɗaya. Ina cire takalmi ta koma sha biyu, sai talatin da takwas, sai ta ruga. Ƙarfe huɗu da kwata ta gama, ta jero wuraren da ta samu a lalace ta killace su, ta tashi lafiya.

Ikram ta dawo da yamma. Baffa ya tambaye ta me aka samu. Kafin ta buɗe baki na ce faifan ne ya tsufa. Baffa ya ce, "Da bairos ɗin?" Na ce an dai share komai yanzu.

Ba ƙarya na yi ba. Faifan ya tsufa.

Asabar, 28 ga Yuni

An sa sabon faifai, irin wanda ba ya juyawa, ba ya ƙara. An sa sabon batiri. Ta mayar da zanen, ta saita binciken ya riƙa tashi ranar Juma'a ƙarfe ɗaya, lokacin da shago ke rufe. Ta nuna mini inda zan duba in ta yi nauyi, in ga ko aiki take yi. Yini guda ko tari kwamfutar ba ta yi ba. Har haushi ta ba ni.

Da za ta tafi ta ajiye mini takardu biyu a kan tebur, rajistar nan ce ta buga. Na ce me zan yi da su? Ta ce, "Ni ba zan ce wa Baffa komai ba, Kawu. Gyara aka kira ni, na yi." Ta gyara mayafi. "Umma ce dai ta ce in tambaye ka, wai Isiyakun da ya yi mata jigilar asibiti lokacin ciwon Abba, shi ne aka kora?"

Gidanmu ba a iya barin magana ta mutu.

Na sa takardun a ƙarƙashin kwalin zare. Na zauna zana anko daga farko.

Talata, 1 ga Yuli

Kwana uku ina zane da safe, da rana ina tsaye kan keke, don in aka bar Jibrin shi kaɗai sai mun kai wata sallar. Bayana kamar an daka. Ashe kowane kai da halinsa. Na uku yana son a sassauta masa zare, na biyar yana cin ƙasan aiki in ba a ɗan tallafe firem ɗin da ke riƙe yadin da hannu ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa jin an yi maganar wannan ba. Aiki dai yake fitowa.

Na tambayi Jibrin ina man keken yake, ya ce wane mai.

An yi ruwa, kwata ta cika ta shigo har bakin ƙofa. Wari. Komai na garin nan wari yake.

Juma'a, 4 ga Yuli

Talatin da shida muka gama, da rigar ango. Huɗu babu hali. Alhaji Gwadabe ya zo da kansa, ya juya wuyan ɗaya ya duba ciki, ya ce wa Baffa, "Ilu, wannan ba hannun shagonka ba ne." Bai ƙara komai ba. Ya sa aka kwashe. Gara a ce zagi ya yi.

Baffa ya zauna a benci ya cire hula ya riƙe. Ban taɓa lura ya tsufa haka ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ban je ɗaurin auren ba. Safiya na son wake, na ce bari in je kasuwar Dawanau, ya fi sauƙi a can. Ta ce tun yaushe kake sayen wake? Na sa takalmi na fita.

Ibrahim mai zare ne ya taɓa cewa a can Isiyaku yake yanzu, layin masu riɗi. Na hau adaidaita daga Ƙofar Dawanau. Kasuwar duk taɓo, manyan motoci sun kwaɓe hanya, ruɓaɓɓen hatsi na tashi. Na yi ta tambaya.

Na same shi a bakin wani sito, zaune kan buhu, da basilla da igiya, yana ɗinke bakin buhunan da 'yan dako ke cikawa. Mutumin da ke tafiyar da kai shida lokaci ɗaya. Ɗinkin buhun ma a jere yake, tsaf, kamar da ma'auni.

Ya gan ni, ya amsa sallama, ya tambayi Baffa da iyali. Bai daina ɗinki ba. Na ce wake na zo saya. Ya ce layin wake na can gaba.

Na tsaya. Na ce an gyara kwamfutar. Ya ce madalla. Na ce ashe ba waya ba ce. Ya ja igiya ya ƙulle, ya yanke da haƙori, ya ce, "Na sani, Malam Ɗalha. Wayata ko katin ajiya babu a cikinta. Me za ta zuba?"

Na ce to me ya hana ka faɗa?

"Ɗan'uwansa na magana, ni zan ce ƙarya ne? A gaban mutane?"

Na ce in yana so zan yi wa Baffa magana a hankali, in ce a yi haƙuri a mayar da shi. Sai a nan ya ajiye basillar. Ya ce, "Haƙuri da me? Ni ban yi laifin da za a yafe mini ba. Yarana sun ji a unguwa wai na lalata kayan mutane. Babbar ta daina zuwa ɗebo ruwa famfon layinku." Ya jawo wani buhun. "In za ka faɗa, ka faɗa a inda aka faɗi waccan. In ba haka ba ka bar ni, nan ma abinci ne."

Na dawo gida ba wake. Takalmina sai da Safiya ta jiƙa shi a bokiti.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ban fita ba. Kaina ke ciwo.

Litinin, 7 ga Yuli

Bayan la'asar, lokacin da mutanen layi ke taruwa a bencin Baffa. Ibrahim na nan, da mai wanki, da wasu biyu da ba su ma nan ranar. Na fito da takardun Ikram. Na yi niyyar in yi bayanin faifai da alama da bincike yadda za su gane, sai na ga Baffa na kallona kamar ina karanta masa takardar magani.

Na ce ba Isiyaku ba ne. Ni ne. Ni na ƙi canza batiri, ni na yi ta kashe ta. Kuma ranar rigar ango ya ce a gwada a ƙyalle, na hana.

Mai wanki ya shiga duba farcensa.

Baffa ya ce, "Tun yaushe ka sani?" Na ce kwana goma sha biyu. Ya ce, "Ka bar ni na ci mutuncin bawan Allah, ka kuma bar ni kwana goma sha biyu ina kwana da shi." Ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya ambaci mahaifina. Wannan ce ta fi zafi.

Sannan ya sa hula ya ce wa Ibrahim ya ɗauko mashin ya kai shi Dawanau. Ni bai ce in zo ba.

Na koma ciki. Jibrin na ta washe baki. Ko kallonsa ban yi ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Ruwa tun asuba, layinmu ba ya shiguwa sai an naɗe wando. Zaren da aka kawo ranar Asabar ba shi da kyau, kala biyu a ƙunshi ɗaya, mutane ba sa tsoron Allah. Baffa har yanzu gaisuwa kawai.

Malam Isiyaku ya dawo yau. Sati guda ya ɗauka kafin ya amsa, wai sai ya cika alkawarin mai siton. Ya yi sallama, na amsa. Ya zagaya keken sau biyu yana girgiza kai, ya kwance kai na biyar gaba ɗaya. Da na ba shi zanen farko na haɗa masa da ƙyalle a kai, don dai shaddar mai santsi ce.

Da rana na fita na sayo ɗanwake. Kwano biyu na karɓo, yunwa nake ji sosai, sai kuma na ga ba zan iya cinye biyun ba. Na ajiye ɗaya a gefen keke.

Bai ci ba. Da aka tashi na ga ya juye a leda ya sa a aljihun mashin ɗinsa. Kwanon ya wanke ya kife a kan teburina.

Gobe zan ga ko mai alala ta fito.